Idan na haɗa kiɗa da manhajar kyauta, waƙar ta tashi daga tawa ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sutudiyo a shagon da ke jikin gidanmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki da ita, irin wadda aka fasa don kada a biya kuɗinta, kuma sau biyu ke nan kwamfutata tana cinye aikin mutane. Wani ɗalibi ya ce mini akwai manhajojin da aka sakar wa kowa, kuma in riƙa sa wa waƙoƙina wani lasisi wai shi Creative Commons. Wani abokina kuwa ya ce duk waƙar da aka yi da irin waɗannan manhajoji ta zama ta kowa da kowa, ba ni da ikon sayarwa. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a sana'a. Magana biyu ce aka haɗa maka a ƙwarya ɗaya, shi ya sa ta rikice. Lasisin manhaja daban, lasisin waƙa daban. Na farkon ba abin tsoro a cikinsa ko kaɗan. Na biyun ne nake so ka zauna ka yi tunani kafin ka taɓa, domin ba a mayar da shi idan an saki.

Bari in fara da abokin nan naka, don ya yi kuskure. Yawancin manhajojin kiɗa da aka buɗe wa kowa suna ƙarƙashin wani lasisi ne mai suna GPL, wanda Richard Stallman ya fitar da zubinsa na farko a 1989 a Amurka. Abin da lasisin ya ce shi ne kana da ikon yin aiki da manhajar a kan duk abin da ka ga dama, ka duba asalin rubutun da aka gina ta da shi, ka gyara, ka kwafa ka ba wani. Sharaɗin da ke ciki yana hawa kan mutum ne kawai idan ya raba manhajar ga wasu, musamman in ya yi mata gyara: dole ya bar ta a buɗe yadda ya same ta. Waƙar da ka haɗa da ita ba ta shiga wannan lissafi ba. Wanda ya ba ka aron garma bai zama mai geron ba. Ka sayar da waƙarka, ka ɗora ta a Audiomack, ka karɓi kuɗin ango, babu mai tambayar ka sisin kwabo.

Wani amfanin da ya fi shafar ku mutanen karkara shi ne na kwafa. Mutum ɗaya ya sayi data ya sauke, ya zuba a filashi, gari duka ya ɗauka, kuma babu haƙƙin kowa a wuyansa. Ko mai turin waƙoƙi na bakin kasuwar Gujungu ya ce sai an ba shi ladan zubawa, lasisin bai hana shi ba. Audacity ta ɗaukar murya da LMMS ta haɗa kiɗa, manhajoji biyu daga cikinsu, kowacce ba ta kai megabait 100 ba.

Sai dai ka bambance manhajar kyauta da buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka buɗe wa kowa rubutun da aka gina ta da shi. BandLab da kuke amfani da ita a waya kyauta ce, amma ta kamfani ce, ranar da suka canza ra'ayi ba ka da ta cewa. Buɗaɗɗiya ba a iya ƙwace ta. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity, ya kawo maganar tattara wasu bayanai daga kwamfutocin masu amfani da ita. Mutane suka yi ca a kansa, wasu suka kwashi rubutun manhajar suka ci gaba da nasu reshen da sunan Tenacity, kamfanin kuma ya sassauta. Da rufaffiya ce, iyaka a yi gunaguni a haƙura.

To da me za ka yi aikin? LMMS ce mafi kusa da abin da hannunka ya saba. Tana da allon jera bugu da allon zana karin fiyano kusan irin na FL Studio, tana karɓar fiyanon Yamaha idan ka jona ta MIDI, wato hanyar haɗa fiyano da kwamfuta, kuma tana ɗaukar da yawa daga cikin filogin ɗin VST, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙara mata. Aibinta babba ɗaya ne: zubin da yawancin mutane ke saukewa ba ya ɗaukar murya ta makirfo. Saboda haka za ka gama kiɗan a can, ka fitar da shi a fayil ɗin sauti na WAV, ka kai Audacity ka hau da muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Audacity tun shekarar 2000 take, a jami'ar Carnegie Mellon aka fara ta, kuma wajen yanka da share ƙara da fitar da MP3 ba ta da matsala ko a tsohuwar kwamfuta. In aiki ya girma, ka kai ga layin murya goma sha wani abu da miksin na gaske, manhajar Ardour ce wurin zuwa. Ita masu ita suna neman ɗan abin hasafi idan wadda aka gama haɗawa kake so ka sauke daga wajensu, amma tana zuwa a cikin Ubuntu Studio, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da biyan komai ba. Ban ce ka goge Windows ka koma can yanzu ba. Nauyin sauke Ubuntu Studio gigabait ne da yawa, kuma in ta ƙi ganin katin sautinka babu wanda zai duba maka a kusa sai ka shigo Kano.

Ba zan ɓoye maka ba, makonnin farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu ɗaya. Ayyukanka na FL Studio ba za su buɗe a LMMS ba, don haka kafin ka taɓa komai ka fitar da kowane layi na tsofaffin ayyukan a WAV ka adana a wani wuri daban. Sannan ga maganar gyaran murya, wadda na san ita ce a ranka ko da ba ka faɗa ba, tunda yau mawaƙin da aka ɗauka ba a ja masa murya ba gani yake an cuce shi. Auto-Tune, wanda aka saba yin wannan gyaran da shi, na kamfanin Antares ne, tun 1997, kuma rufaffe ne. Akwai buɗaɗɗu masu yin aikin, kamar x42 Autotune da Autotalent. Suna daidaita murya a kan karin da ka zaɓa, amma wannan santsin da kunnen masu sauraron nanaye ya saba da shi sai ka sha wahala kafin ka kusance shi. In ka ga ba za ka iya rabuwa da FL Studio ba, ka tara kuɗi ka sayi ta gaskiya: kamfanin Image-Line na Beljiyam sau ɗaya ake biyan su, sabuntawa kuma kyauta ne har abada. Abin da ba na so shi ne ka ci gaba da zama da fasasshiya. Wanda ya fasa ta ba don Allah ya yi ba, kuma kai kanka ka ga abin da take yi wa aikin mutane.

Wata ƙila ma ba manhajar kaɗai ke cinye maka aiki ba. Idan da janareta kake aiki kuma batirin kwamfutar ya mutu, duk ɗaukewar wuta tana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe. Ka gyara batiri tukuna. Da batiri mai rai kuma za ka iya zare caja lokacin ɗaukar murya, wannan ƙugin da inbata ko janareta ke sakawa a makirfo ya ragu sosai. In akwai ɗakin ƙasa mai rufin azara a gidanku, ya fi shagon bulo mai rufin kwano daɗin murya nesa ba kusa ba. Ka jingina katifa a bango, ka rataya bargo, ka ɗauki murya bayan isha'i lokacin da injin niƙa ya yi shiru.

Yanzu ga inda lasisi yake iya bin ka har cikin waƙa: guntayen sautin da kake ɗaukowa na wasu. Manhaja ba ta da rabo a waƙarka, amma bugun ganga ko busar sarewar da wani ya ɗauka ya ɗora a intanet tana da mai ita. Akwai rumbun Freesound, wanda wata jami'a a Basalona ta ƙasar Sifen ta buɗe a 2005, cike yake da sautuka, kuma kowanne an rubuta sharaɗinsa a gefe da alamomin lasisin nan na Creative Commons. Wanda aka sa wa CC0 ka ɗauka ka yi yadda kake so. Wanda aka sa wa BY sai ka ambaci sunan mai shi. Wanda aka ƙara wa NC kuwa bai halatta ka sa a waƙar da za a biya ka ba, kuma kusan duk aikinka na biya ne. Ka buɗe littafi, duk sautin da ka sauke ka rubuta sunansa da mai shi da lasisinsa. Bayan wata shida ba za ka tuna ba.

Amma gaskiya, me za ka je nema a can? Abin da rumbunan nan suke da ƙarancinsa shi ne abin da ke zagaye da kai. Shekarun baya na ɗauki makirfo ɗaya da kwamfuta na tafi wani ƙauye gaba da Wudil ranar Juma'a, bayan an tashi daga kasuwa, wajen wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa. Na roƙe shi ya riƙa buga mini ɗaya bayan ɗaya: a sake, a matse tsirkiya rabi, a matse ta sosai, bugu mai ƙarfi, bugu mai taushi, sannan wanda ake bugawa a saki tsirkiyar muryar ta gangaro. Kalangu ba kamar gangar da ke cikin fiyano ba ne mai murya ɗaya. Hawa da saukar maganar Hausa yake bi, shi ya sa yake iya kiran taken mutum har mai shi ya waiwayo. In ka ɗauki bugu ɗaya tak ka ce kwamfuta ta riƙa ɗaga shi tana saukewa, abin da zai fito ba kalangu ba ne, gwangwani ne. Na dawo na yanyanka su a Audacity, na zuba a Hydrogen, wadda manhajar ganguna ce buɗaɗɗiya da ke ba ka damar jera bugu da yawa a maɓalli ɗaya gwargwadon ƙarfin taɓawa. Har yau da su nake aiki.

Abin da ya sa na kawo labarin shi ne tambayar da dattijon ya yi mini da muka gama. Ya tambaye ni, in na tafi da muryar gangarsa a cikin na'ura, wa zai ƙara gayyatar sa. Na biya shi ladan zamansa a ranar, amma na san ba amsar tambayarsa ke nan ba. Daga baya wasu abokai suka matsa mini in ɗora sautukan a intanet da CC0 don kowa ya amfana, na ƙi, domin abin da muka yi magana da shi shi ne in yi aiki da su a sutudiyona. Bai ce in raba wa duniya ba, ban kuma bayyana masa me hakan ke nufi ba. Kai ma kana da masu gangar noma da masu garaya da mata masu kiɗan ƙwarya a kusa. Ka ɗauke su, aikinka zai bambanta da na duk masu dogaro da sautin fiyano ɗaya. Amma ka faɗa musu tun farko inda sautin zai je, da Hausar da za su gane, kuma ku rabu a kan magana ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan Creative Commons a waƙarka ta kanka. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, waƙa tana zama taka da zarar ka rubuta ta ko ka ɗauke ta, ba sai ka yi rajista ba. Haƙƙin baitoci da kari yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Shi ya sa duk wanda ya ce maka waƙoƙin Alhaji Mamman Shata sun zama na kowa tunda tsofaffi ne, bai san doka ba: a 1999 ya rasu, lissafa da kanka, kuma yana da magada. Creative Commons ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a ƙarshen 2002. Lasisin bai ƙwace maka mallaka ba. Izini ne kake ba jama'a tun kafin su tambaya, bisa sharaɗin da ka zaɓa. BY na nufin a ambace ka. SA na nufin duk wanda ya gina wani abu a kai ya sake shi da irin lasisin. NC ya hana neman kuɗi da shi, ND ya hana canza shi.

A takarda abin yana da tsari. A kasuwarmu fa? Ɗauki NC, wanda shi kowa ke fara rugawa gare shi. Wa ke kai waƙarka ƙauyukan da ko sabis ba su da shi? Mai turi ne, wanda ke zuba ta a memorin mutane ranar kasuwar Maigatari ko ta Gujungu yana karɓar 'yan canjinsa. Wannan neman kuɗi ne ƙarara. Ka sa NC, ka haramta wa mutumin da ya fi kowa yi maka talla, shi kuwa bai ma san ka yi ba, ba kuma zai daina ba. ND ma haka: a ƙa'idar lasisin, ɗora waƙa a kan hoton bidiyo canzawa ne, saboda haka yaran da za su hau waƙarka a TikTok su sa ta zaga gari sun saɓa sharaɗinka. Mawaƙin karkara kuɗinsa ba daga sayar da kwafi yake zuwa ba. Daga biki yake zuwa, da suna, da liƙi, da wanda ya ji waƙa a wayar wani ya ce a nemo masa mai ita. In haka ne, waƙar da ka yi don sunanka ya fita, BY kaɗai ya fi dacewa da ita, ko BY-SA. Su ne ma Wikimedia Commons ke karɓa, tare da CC0, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke ɗauko sauti da hoto. Ba ta karɓar mai NC ko ND.

Amma ka san abin da ka sallama. Lasisin ba ya janyuwa. Kana iya daina rabawa, amma duk wanda ya riga ya samu yana nan da izininsa. In ka saki kiɗa da BY, gobe lokacin zaɓe wani ya hau shi ya yi wa ɗan takarar da ba ka ƙauna waƙa, ba ka da ikon hana shi. Iyakar abin da lasisin ya ba ka shi ne ka ce a cire sunanka, kuma ba shi da damar nuna kamar da yawunka ya yi. A ƙauye, inda kowa ya san hannun kowa a kiɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma YouTube ba ta karɓar abin da aka saki da Creative Commons a tsarinta na Content ID, wanda ke gano masu amfani da waƙar mutum ya karkato masa kuɗin talla. Waƙar da kake sa ran za ta yi nisa har ta kawo irin wannan kuɗi, riƙe ta.

Akwai kuma waɗanda ba naka ba ne balle ka bayar. Waƙar biki da aka biya ka, mai ɗauke da sunan amarya da na iyayenta da ƙawayenta, amana ce, kada ka sa mata wani lasisi. Waƙar da wani ya rubuta ya rera, kai kiɗa kawai ka yi, ba ka da ikon sakin ta kai kaɗai, domin mai baiti yana da haƙƙi, masu rerawa da makaɗa ma doka ta ba su nasu. Mun saba gama komai da "ba komai, Allah ya sa albarka", sai ranar da waƙa ta yi kasuwa a ga ashe da komai. Dokar ta ce mayar da haƙƙin mallaka ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, ko da ajami ne: wa ya yi me, nawa aka biya, an yarda a saki ko ba a yarda ba, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Kiɗan gargajiya kuwa da ba a san wanda ya ƙirƙire shi ba, irin waƙoƙin daɓe da na gaɗa, doka ta sa kula da shi a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya idan za a fitar da shi daga muhallinsa a yi kasuwanci da shi. Ba za ka ɗauko waƙar da kakarka ta gada ka liƙa mata CC0 kamar kai ka yi ta ba. In kuma aikinka zai shiga kasuwar Kano, lasisin buɗewa bai ɗauke maka ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ba, wannan hanya ce daban.

Da ni ne kai, wata uku zan yi ina haɗa kiɗa a LMMS ina ɗaukar murya a Audacity a kan waƙoƙin kaina, aikin mutane kuma sai hannu ya faɗa. Sannan in zaɓi waƙa ɗaya tak, wadda baiti da kiɗa da murya duk nawa ne, in sake ta da BY 4.0, wato zubi na huɗu na lasisin, in ga yadda za ta yi tafiya. Wajen rubuta lasisin, ka sa sunan waƙa da sunanka da nau'in lasisin a bayanin da ke ƙarƙashinta a duk inda ka ɗora, ka kuma cika su a cikin fayil ɗin lokacin da Audacity ta nuna maka gurbin bayanai wajen fitarwa. Sai dai ka sani, kafin waƙa ta wuce waya uku ta Xender an canza mata suna, wani ma ya sa nasa. Don haka ka yi abin da mawaƙanmu suka daɗe suna yi: ka ambaci sunanka da na sutudiyonka da garinku a cikin waƙar kanta, a tsakiya, ba a farko ko ƙarshe ba inda ake iya yankewa.